Ƙirgin da na ɗaura a ƙarƙashin baƙar mota

Yanzu ido ya yi rauni, sunayen jikokina ma sai na yi ta laluben su kafin in kamo, amma akwai rana ɗaya da ba na jin za ta fita daga kaina sai ran da aka rufe ni. Ita ce ranar da ruwan farko ya sauka a kan hanyar Buza, 'yan shekaru kaɗan bayan an gama babban yaƙin Turawa.

Ni asalina baduku ne, ɗan baduku. Abin da ya kai ni gidan wani Anasara mai sayen fata da ƙirgi a Madawa ke nan, ina ware masa mai kyau da mai tabo. Mushe kawai muke ce masa, yadda ake kiran maigida da Faransanci. Yana da kamiyo guda na ɗaukar kaya, da wata baƙar mota 'yar gajera mai ƙirji kusa da ƙasa, wadda ya fi so fiye da duk abin da ya mallaka. Tsohon makanikinsa ya lura ba na iya zama wuri ɗaya in ana kwance inji, sai ya koya mini abin da ya sawwaƙa, da zai koma garinsu ya bar mini akwatin kayan aikinsa. Haka na wayi gari ni ne mai gyaran baƙar mota.

Mai tuƙa ta kuwa ɗan gwaggona ne, taubashina, tsohon soja, can ya koyo tuƙi. Ya girme ni da shekara huɗu, amma tunda shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, ba na kiransa da komai sai bawana. Shi kuma in ya shigo da safe sai ya toshe hanci ya ce, "Baduku, yau ma da warin jima za a ta da inji?" Haka muke wuni. Mutum ne mai hannu, ban taɓa ganin wanda mota ke bi kamarsa ba, sai dai ba shi da haƙuri da tafiyar hankali.

Motar nan aiki biyu gare ta. Daga Litinin zuwa Asabar tana kan hanya, Buza, Keita, ƙauyukan kwari, duk inda ake tara fata. Da rani kuwa, wasu ranakun Lahadi, Turawa biyu ko uku sukan zo da motocinsu daga Ƙwanni da Tawa a yi tsere a wani fako da ke bayan gari. Ana kafa tano biyu, wato gangunan mai na ƙarfe, nesa da juna, a yi ta kewaya su. Mushe ba ya tuƙi da kansa, taubashina yake ba wa, shi ya hau kujera yana ihu har fuskarsa ta yi ja. Ran Asabar da la'asar nakan cire kujerar baya da tayar ajiya don ta yi sauƙi, in goge buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya, in wanke kafireta, in tace mai da ƙyalle sau biyu. Ran Litinin da sassafe in mayar da komai. A miƙe babu mai kama ta, amma da an zo kewaya tano sai ta karkace kamar jakin da aka yi wa kaya gefe ɗaya, dole a sassauta, a nan ake wuce mu.

Wata rana Mushe ya nuna mini hoton motar tsere a wata tsohuwar jaridar ƙasarsu. Ƙarafan nan da ake jerawa falle-falle a ƙarƙashin mota don su ɗauki tsalle, waɗanda muke ce wa lam, an naɗe su da igiya tam don su yi tauri. Ya tambaye ni ko ana samun irin igiyar. Na ce muna da abin da ya fi ta. Na zaɓi ɗanyen ƙirgin sa, na yanka shi siri-siri, na jiƙa shi kwana guda, na naɗe lam ɗin nan huɗu ina ja da iyakar ƙarfina, muka bar motar a rana kwana uku. Duk wanda ya tashi a gidan dukanci ya san abin da ƙirgi ke yi in ya bushe a kan abu: yana tsukewa ya koma kamar ƙarfe. Lahadin nan motar ta kewaya tano a zaune daram, taubashina bai ɗaga ƙafa ba, ya bar su a baya har sau uku. Mushe ya rungume ni a gaban mutane. Aka fara ce mini gwani. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, fako sumul yake, hanyar Adar kuwa dutse ce. A da lam yana lanƙwasawa ya shanye duka, yanzu da ya yi tauri kowane dutse kai tsaye yake bugun gaban motar. Ba a yi wata guda ba, ina kwance ƙarƙashinta ina shafa mai, na ga tsaga a sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun gaba da sitiyari. Ta ci fiye da rabi. In sandar nan ta rabu, direba na iya murza sitiyari yadda ya ga dama, ƙafafun ba za su ji ba.

Na daɗe a kwance ina kallon ta. A lokacin ba a samun kayan gyara, sai an rubuta takarda zuwa bakin teku a jira wata da watanni. Maƙeran gari ba su iya haɗa irin ƙarfen. In na faɗa, za a jingine motar, kuma Mushe ba wawa ba ne, zai gane naɗina ne ya jawo. Gwanin jiya ya zama wanda ya kashe mota. Sai na sa maƙeri ya bugo mini 'yan ƙarafa biyu, ban gaya masa na mene ne ba, na kara su a gefen tsagar kamar yadda ake ɗorin karaya, na naɗe da ƙirgi, da ya bushe na shafa masa ƙasa da toka har ya saje da sauran dattin. Na ce wa kaina kafin damina zan san dabara. Ya riƙe, kuma riƙon da ya yi shi ya cuce ni, don wata huɗu cur motar na zuwa Keita tana dawowa, ni kuwa kullum sai in ce gobe.

Ranar da abin ya faru, Mushe ya riga mu zuwa Buza a kamiyo, ya ce mu same shi da baƙar mota kafin la'asar. Mun fito da hantsi, sama garau a Madawa. Ashe da asuba an yi ruwa a kan duwatsu. Da muka iso ƙoramar da ke kusa da Tama muka tarar tana gudu, jajawur. Taubashina ya fita ya gwada da ƙafa, ruwa iya ƙwauri, ya ce za ta wuce. Muna tsakiya yashi ya zame, inji ya shaƙi ruwa ya mutu, motar ta zauna har ƙirji. Kafin a kira mutane daga gonaki, a samo igiya, a gama gardamar ta inda za a ja, azahar ta gota. Duk tsawon lokacin nan gaban motar na cikin ruwa, ni kuma ina tsaye a bakin ƙorama, na san abin da ke jiƙa.

Da aka fito da ita na kwance buji na shanya, na tsiyaye kafireta, sannan na shiga ƙarƙashi kamar mai duba wani abu dabam. Na taɓa ɗaurin. Ya yi laushi tuɓus kamar gandar da ta kwana a tukunya, har yatsana na nutsewa. Ƙirgin da ya jiƙa haka sai ya yi kwana biyu a rana kafin ya koma yadda yake. Na fito ina karkaɗe riga na ce, "Bawana, mu kwana nan garin, gobe mu tahi."

Ya dube ni. "Don mi? Inji ya ƙi?"

"Inji lahiya lau shike."

"To mi na na?"

Ga tambaya an yi mini a fili, da rana tsaka, babu kowa kusa sai shi. Kalma biyar ta isa. Amma na hango dariyar da zai yi, da yadda zai ba da labarin a gaban Mushe, a gaban kowa, shekara guda ba zan sha ruwa a garin ba. Sai na ce, "Ba komi, jikina na ba ya so. In mun tahi dai ka bi a hankali."

Ya tuntsire da dariya. "Baduku ya ga ruwa ya tsorata! Shiga mu tahi, Mushe na can shina jira. Kai dai riƙe hularka."

Na shiga. Har yau in na tuna cewa da ƙafata na shiga na zauna kusa da shi na yi shiru, sai in ji kunyar kaina ta rufe ni. Ina ta karanta duk addu'ar da na sani a zuci, ina gaya wa kaina saura kaɗan, ai 'yan ƙarafan na nan. Shi kuwa yana son ya rama lokacin da muka ɓata, sai ya sake mata. Mun ci tafiya mai ɗan dama lafiya. Akwai wani wuri da hanya ke gangarowa daga kan tudu ta karya hagu, da duwatsu a gefe. Ya murza sitiyari, na ji wani ƙaramin ƙas a ƙarƙashin ƙafata, motar ta ci gaba a miƙe. Ya sake murzawa, sitiyarin na juyawa a hannunsa fayau. Ya ce, "Kai!" Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Motar ta hau duwatsun ta wuntsila. Ni ta watsar da ni cikin jiƙaƙƙen yashi, ban samu komai ba sai ƙujewa a kafaɗa. Shi ta kife da shi, hannunsa na dama a ƙarƙashin ƙofa. Wasu makiyaya da suka ji ƙarar suka sheƙo, muka ɗaga ta da itatuwa muka jawo shi. Bai suma ba, bai yi kuka ba, yana ta kallon hannun kamar na wani. A kan gadon kara aka ɗauke shi zuwa Buza, daga nan kamiyo ya kai shi wurin lokotoro, wato likita. An ceci ransa, amma hannun ba a cece shi ba, aka yanke daga gwiwa.

Mushe ya yanke hukunci tun kafin a jawo motar: gudu ne. Kowa ya san halin taubashina, kowa ya yarda, shi ma kansa ya yarda. Da na ci gaba da shiru da babu wanda zai taɓa sani. Kwana tara ina kai masa fura ina zama bakin tabarmarsa, yana ƙoƙarin tsokanata don in saki fuska. A na goma ya ce, "Ka hwaɗa mini in bi a hankali, niƙ ƙi ji. Ka yahe mini, da kai ma na kashe ka." Nan na kasa. Na gaya masa komai, tun daga tsagar har zuwa abin da yatsana ya taɓa a bakin ƙorama.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Can bakin ruwa, da nit tambaye ka, ka sani?"

"Na sani."

"Mi kaj ji tsoro?"

"Dariyarka."

Ya gyaɗa kai. Babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ai da na yi ta. Da na yi maka dariya har kaka. Kuma da mun kwana Tama."

Washegari na je na gaya wa Mushe, don kada a bar laifin a kan wanda ba shi da shi. Ya kore ni a take, ban ga laifinsa ba. Gwaggona ta yi shekara biyu ba ta amsa gaisuwata. Shi kuwa taubashina ya yafe mini da bakinsa a gaban dangi, ya koma Allakaye wurin dangin ubansa, yana tsaron 'yar rumfar goro da gishiri. Bai sake taɓa sitiyari ba.

Na ci gaba da gyaran mota shekaru masu yawa bayan haka, kuma ban daina dabara ba, don a ƙasarmu wanda ba ya dabara ba ya gyara. Abin da na daina shi ne ɓoye ta. Ko waya na ɗaura, sai na kamo direban na sa shi ya durƙusa ya gani da idonsa, in gaya masa abin da za ta iya ɗauka da abin da ba za ta iya ba, in ya so ya zage ni. Gyara na iya zama na wucin gadi, wannan ba laifi ba ne, laifin shi ne a bar mutum ya ɗora ransa a kan abin da bai san da shi ba don kawai mai gyara na gudun kunya. Ni na guje wa dariyar wata biyar, daga ruwan farko zuwa kaka. Duk lokacin da na je Allakaye aka kawo mana tuwo a akushi ɗaya, sai in zauna ina kallon ɗan gwaggona yana ci da hagu, har ya koma ga Allah.