Tafiyarmu Guci da Gwiwar Ƙanena

Ƙanena ya dawo Magariya da kaka, ana tsakiyar cinikin gyaɗa, Faransawa ba su bar ƙasar ba tukuna. Ina cikin aji a lakwal inda nake koyarwa aka zo aka ce mini kamyo, wato babbar motar kaya, ya sauke shi a bakin kasuwa, yana zaune kan akwatinsa, ya kasa ƙarasowa gida. Shekara goma sha ɗaya rabona da shi. Na tarar ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa, gwiwarsa ta dama kuwa ta kumbura har wando ya ɗame.

Soja aka ɗauke shi tun farko, aka kai shi Dakar. A can wani hafsa ya ga yadda yake buga ƙwallo, ya sa shi cikin 'yan wasan bariki. Da ya gama soja ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan tashar jirgin ruwa ta riƙe shi, daga baya wata ƙungiya ta kudancin Faransa ta ɗauke shi. Shi ne ɗan gaba, mai jefa ƙwallo a raga. Ni nake karanta wa Inna wasiƙunsa. Duk sa'ad da na gama sai ta ce, "Na ji yana wasa. To aikin me yake yi?"

Kwana uku da dawowarsa Inna ta ce sai an kai shi wurin wani tsohon maɗori a Guci.

Ya ce, "Inna, likitocin can sau biyu suna yanka ta."

Ta ce, "Su ba su san ƙashinmu ba."

Sai ya ce to. Na lura ba yarda ya yi ba, ƙarfin gardama ne ba shi da shi.

Kamyon gyaɗa ya kai mu Dungas, muna zaune kan buhunan da babu kome ciki, duk ramin da aka faɗa sai ya runtse ido. Daga nan muka ari jaki wurin wani abokin mahaifinmu. Shi ya hau, ni ina biye a ƙasa cikin rairayi. Shekara da shekaru ina yi wa ɗalibaina alfahari da shi, saboda haka na ƙosa in ji labari daga bakinsa.

Na ce, "Ƙwallo nawa ka ci duka?"

Ya ce, "Wallahi Yaya ban sani ba. Da farko ina ƙirgawa, daga baya na bari."

Sai da muka yi nisa sannan ya fara, a hankali, yana kallon kunnuwan jakin. Ya ce a Faransa ɗakinsa yana saman gidan wani mai gasa burodi. Da safe yana ɗaukar akwatuna a wani kamfanin gwangwani, don mai kamfanin shi ne shugaban ƙungiyar. Da la'asar a yi gudu, ran Lahadi a yi wasa. Ranar da ya ci ƙwallo, har ƙofar gida ake rako shi ana waƙa. In ya yi mako uku bai ci ba, matar mai burodin ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Na ce, "Gwiwar fa?"

Ya ce wani ɗan baya ne ya shigo masa da ƙafa biyu a fili mai taɓo. Bayan likitoci sun yi masa aikin farko ya koma wasa. Shekara biyu ana yi masa allura kafin wasa, ya yi gudu ba ya jin kome, washegari kuwa da rarrafe yake sauka daga bene. Daga ƙarshe suka kawo wani saurayi daga Kamaru ya maye gurbinsa.

"Ni na je na tarye shi a tashar jirgin ƙasa. Ni na nuna masa ɗakin, na nuna masa tagar da ba ta rufuwa. Yaron kirki ne, Yaya. Gudu gare shi kamar barewa."

Bayan azahar muka isa Guci, ƙafafuna sun yi nauyi. Maɗorin yana zaune ƙarƙashin gawo yana tufkar igiya. Ya sa ƙanena ya miƙe ƙafa kan tabarma, ya daɗe yana latsa gwiwar, ya lanƙwasa ta, ya kara kunne yana sauraron ƙarar da take yi.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne. Abin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ne ya cinye. Ni ɗori nake yi. Abin da ya ƙare ba ni da yadda zan mayar da shi."

Na zaci ƙanena zai ɓata rai. Sai ya yi dariya, ta farko tun dawowarsa. Ya ce, "Baba, na gode. Duk wanda ya duba ta cewa yake in dawo bayan wata uku." Tsohon ya ba shi man shanu haɗe da garin wani ganye, ya ce ba zai warkar ba, amma zai rage zogi. Muka kwana a zaurensa, da safe muka juyo.

Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin Magariya, ya ji labarin ƙanena, ya aiko a ce masa ya riƙa koya wa samarin gari wasa. Ya je sau biyu, ya zauna kan kujera da usur a wuya, sannan ya aika da haƙuri. Ya ce hayaniyar fili tana gajiyar da shi. Wani ɗan kasuwa da muke da dangantaka ta wajen uwa ya ba shi aikin awon gyaɗa, aikin da ake yi a zaune. A nan ya tabbata. Ya yi aure a Bande, ya haifi 'ya'ya mata huɗu, da damina kuma ya hau jaki zuwa gonar gero, ya zauna a inuwa yana gyara wa manoma ƙotar hauya.