Gangar Yaya Sale ta bar ɗakina

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar yayana Sale, mai gangar noma. Har yau ban yi masa kuka ba. Ba jarumta ba ce, abin ne ya ƙi zuwa.

Su biyar ne a ƙungiyarsa. Daga Yammedi har Gwangwan, duk inda aka kira gayya su ake nema. Kowane manomi da takensa, Yaya kuma ya haddace su kaf. Yana da wata al'ada: kafin a sa garma a ƙasa, sai ya fara kaɗa taken manoman da suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, kowa na tsaye. Bayan rasuwarsa ƙungiyar ta watse, gangar ta dawo ɗakina. Na rataye ta a ƙusa, ina wuce ta kamar yadda ake wuce tsohuwar riga.

Watan jiya Ɗanlami, mataimakinsa, ya yi mini sallama. Su uku daga cikin yaran Yaya sun haɗe da wasu makaɗa biyu na Kafin Dafga, sun kafa sabuwar ƙungiya, har da fiyano da lasifika. Da Yaya na nan, na san cewa zai yi wannan akwatin bai san ƙamshin ƙasa ba, sannan ya faki ido ya latsa.

"Yaya Haruna, gangar muka zo roƙo," in ji Ɗanlami. "In ta daɗe a rataye, fatar mutuwa za ta yi."

Ita kaɗai ta rage mini daga gare shi. Na ɗauka zan ji wani abu in na sauke ta. Na sauke, na kaɗe ƙura, na miƙa, ban ji komai ba.

Na je gayyarsu ta farko, a wata gonar gyaɗa kusa da Rogo. Ɗanlami ya fara da taken mamata yadda aka koya masa, bai tsallake kowa ba. Da ya zo kan Yaya sai hannunsa ya tsaya a sama. A nan muka farga, mu duka: Yaya ba shi da take. Ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa na mutane, babu wanda ya taɓa yi masa nasa.

Mai fiyano ya ɗaga kai yana jira. Can wani dattijo ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya, sauran suka bi shi. Suka ja kunya guda har ƙarshen gona babu kiɗa, garemani na sauka tare, daidai da bugun da Yaya ya saba musu.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ƙusar tana nan a bango, ban cire ta ba.