Tsokar da Na Kai Kano a Kwalba

Kowa a gidanmu ya ɗauka likitar nan koyo take yi da wuyan 'yar Yayata. Inna ta faɗa, maƙwabta suka ɗauka, har mai kai mana nono daga wajen Falgore sai da ta tofa nata. Ƙarya ne. Ni na je na ganta, su ba su je ba.

Yarinyar ba ta shiga firamare ba tukuna sa'ad da ƙululu ya fito mata a ƙasan kunne. Aka sha saiwa, aka shafa tofi, abu sai girma yake, ita kuma sai rama. A asibitin Tudun Wada likita ya yanki 'yar tsoka daga cikinsa, ya sa a kwalba da wani ruwa mai hawa ido, ya ce a kai babban asibiti a Kano. Ya ce can akwai masu karanta ciwo a jikin nama.

Da muka koma gida Inna ta miƙo hannu.

"Ba ni nan in binne a bayan ɗaki. Cibiyarta ma can take."

"Inna, ba na binnewa ba ne, na awo ne."

"Naman ɗan Adam za ki hau mota da shi kamar kilishi? Ke dai ba ki da tsoron komai."

Ban tsaya ja-in-ja ba. Na cusa kwalbar a cikin hijabi na nufi tasha. Tun daga Kwanar Dangora wata tsohuwa ke tambayata ko turare ne, na ce mata e.

Ɗakin awon yana can ƙuryar asibiti, inda ba layin marasa lafiya. Likitar da ta karɓe ni mace ce, ba za ta girmi Yayata da yawa ba. Ta yi mini tambayoyi kamar 'yar sanda: yaushe ya fito, akwai zazzaɓi, akwai mai tari a gida. Na ce ta duba ta gaya mini yanzu, motar yamma nake so in samu. Ta yi dariya. Ta ce sai an daskarar da tsokar a cikin kaki, a yanka ta ta fi ɓawon albasa siranta, a rina, sannan a sa a madubin likita mai ƙara girman abu. Aikin kwanaki ne.

Da na koma, sai ta ce ta ga wani abu amma sai malaminta ya gani.

"Malami kuma? To ke me kika karanta?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ta gama karatun likita tuntuni, ta yi shekaru tana duba yara a asibitin ƙauye, sannan ta dawo ta ƙara wani karatun, na gane cututtukan yara ta hanyar nama da jini. Ta ce naman yaro ba ya kama da na babba, abin da yake alamar mugun ciwo a wurin babba yana iya zama girma ne kawai a wurin yaro. Duk abin da ta gani sai ta fara rubuta nata hukuncin, sannan su zauna da malamin ya warware mata shi.

Na kai wannan magana gida yadda na ji ta. Kalma ɗaya suka tsinta: malami. Shi ke nan, ta zama ɗaliba.

A zuwa na uku ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce tsokar daga gefe aka yanko ta, kuma yawancinta ta riga ta mutu. Cuta biyu take zargi, tarin fuka da ya sauka a ƙululu, ko ciwon daji, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Idan aka ba yarinya na wannan alhali wancan ne, an ɓata lokacin da ba ta da shi. Sai an sake yanka, mai zurfi.

Na tashi tsaye. "Sau uku ina zuwa ki ce ba ki sani ba?"

"Zo ki zauna nan."

Ta sa idona a madubin. Da farko haske kawai na gani, sai ta murɗa wani abu. Fili ne ja-ja, shafe kamar gonar da ruwa ya share, can a baki ɗaya kuma 'yan ɗigo shuɗaye sun taru. Ta ce su kaɗai ne suka rage da za a karanta, kuma ba za ta ɗora ran yarinya a kansu ba. Na daɗe ban ɗago ba. Ba karatun na gane ba, amma na ga babu abin karantawar.

A gidan Yaya mijinta na tarar yana gyara galma a zaure. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da aka kai masa Yaya, to ko maganar mutuwa na zo da ita sai ya mai da ta raha.

"Likitar gidanmu ta dawo! Ina allurarmu?"

"Malam, ba wasa na zo yi ba. Za a sake yanka."

Ya ajiye galmar. "Sun yanka ba su gane ba, in sake ba su? 'Yata ba allon makaranta ba ce. Bayan ranar kasuwa wanzami zai zo ya yi mata sakiya, ruwan ya fita a huta."

"Ba ruwa ba ne a ciki."

"Ke kika shiga kika gani?"

Yaya tana bakin ƙofa, yarinyar a kafaɗarta, wuyan ya karkace gefe saboda nauyi. Ni kawai take kallo.

Na yi tunanin in goya yarinyar in tafi da ita ba da saninsa ba. Na san asibiti ba za su taɓa ta ba sai da yardar uba, kuma Yaya ce za ta sha wuyar abin. Bakina kuwa ba zai taɓa jin sa da nauyi ba. Amma mutum ne da ko irin masara ba ya saye sai ya zuba a tafinsa ya gani. Sai na bar yarinyar, na yanke shawarar shi zan ɗauka. Kafin ranar kasuwa zan bi shi gona, in ya ƙi in je wurin mahaifinsa, har sai ya hau mota ya sa nasa idon a madubin nan.