Jar Fitila a Hanyar Bama

Ni ɗan Bulumkutu ne. Mahaifina badukun Kano ne da neman abinci ya kawo shi Maiduguri, a nan ya yi aure, a nan aka haife ni. Ba mu da dukiya, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Aibina tun ina ƙarami shi ne hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Tocila, agogo, rediyon maƙwabta, duk abin da na gani a rufe sai na buɗe shi. Da mahaifina ya gaji da ba mutane haƙuri, sai ya kai ni Wulari wajen Baba Yohanna, wani dattijo mutumin Biu mai gyaran wayar mota.

Baba Yohanna ya riƙe ni kamar ɗansa. Ranar Juma'a shi yake kora ta masallaci, ranar Lahadi ya bar mini makullin gareji ya tafi coci. A hannunsa na zama saurayi, na kuma iya aiki.

A cikin motocin da ake kawo mana har da na wani asibiti, masu jar fitila a ka wadda take juyawa. Dokar Baba a kan fitilar nan ɗaya ce: in ta mutu a kwance ta a mayar wa masu ita, ba a buɗe ta. Ni kuwa fitilar ta hana ni sukuni. Kowane ƙwan fitila waya biyu yake buƙata, ita kuma uku ne suka fito daga gindinta, ja da rawaya da baƙa. Ta ukun aikin me take yi? Ina cin abinci ina tunani, ina tafiya ina tunani.

Wata Lahadi na kwance guda na cire murfin. Ashe ƙwan ba ya motsi ko kaɗan. Wani ɗan madubi ne mai kama da cokali yake kewaya shi, ƙaramin moto yana juya shi. Na ɗauko batir na riƙa gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Jar ita ke kai wa ƙwan wuta, rawayar ta moton ce, baƙar kuma ta su biyun ce, ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Da na sauya wa moton wayoyi sai madubin ya juya da baya. Da na haɗa ba fis mai katse wuta in ta yi yawa, wayar ta yi hayaƙi ta ƙona mini yatsa. Kafin Baba ya dawo na gane komai, har da dalilin da ya sa ƙaramin makunni ba ya iya ɗaukar wutar ƙwan shi kaɗai.

Da a nan na tsaya, da ilimi na samu. Amma sai na so in mallaki tawa. Da aka sake kawo motar asibiti, na zare moton fitilarta mai lafiya, na ce wa Baba ya ƙone. Bai bincika ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Daga baya ma na gano moton waifa mai share gilashin mota yana yin aikin. Da shi da gwangwanin madara da na goge ya yi ƙyalli da jar robar cin abinci, na haɗa fitilar da sai ka matso za ka san ba ta Turai ba ce.

Ranar ɗaurin auren wani abokina muka ɗora ta a kan motar ango don raha. Abin da na gani ya ruɗe ni. Motoci suna darewa, masu keke suna faɗawa gefen titi, ɗan sanda ya tsayar da kowa ya ba mu hanya. Ni da ba wanda ya taɓa matsa mini a layin famfo, ga gari guda yana kauce mini.

A wurin bikin ne wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Gana ya sa aka nemo ni. Ya ce yana da tsohuwar bas, yana so a mayar da ita motar asibiti. Na san abin da yake nufi. A waɗancan shekarun fetur yana da araha a wajenmu, yana da tsada a ƙetaren iyaka. Muka fente bas ɗin fari, muka shafe gilasan baya, na ɗora fitila da jiniya na ɓoye wayoyin a cikin rufi. Da yake fitilar takan tsaya in an sha gargada, sai Alhaji ya ce ni zan riƙa zama kusa da direba. Ya saya mini farar riga irin ta ma'aikatan jinya.

Na bar gareji ba sallama. Baba Yohanna ya biyo ni har gida, ya same ni da sabon babur. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, mutane ba fitilar suke ba hanya ba. Wanda yake kwance a ciki suke tausaya wa." Na ce masa na ji, na raka shi bakin titi ina Allah-Allah ya tafi.

Mun daɗe muna wucewa ta shingayen hanyar Bama mai zuwa iyaka da jarkokin fetur cike har rufi. Ba mai tare mu, wani ma har addu'a yake yi wa mara lafiyar da babu shi. Amma hankalina bai taɓa kwanciya ba. Na rame, na koyi shan taba, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi.

Ranar da asirinmu ya tonu da rana tsaka ne. Mun doso wani shinge sai muka hangi taron mutane da babbar mota a karkace. Wani kofur ya shigo tsakiyar titi yana ɗaga hannu biyu. Ba bincike ya tsayar da mu ba. Babbar motar ce ta buge wani malamin makaranta a kan babur, yana kwance jini yana zuba daga kansa, matarsa ta tallafe shi.

Kofur ya leƙo ta taga yana haki. "Allah ne ya kawo ku. Har mun fara sa shi a a-kori-kura, sai muka hango wutarku daga nesa, muka sauke shi muka sallami mai motar. Likita, sauko."

Ni yake kira likita. Na sauko. Mutane suka cicciɓo malamin, suka buɗe ƙofar baya da kansu. Warin fetur ya buge su. Babu wurin da za a kwantar da ko jariri. Direbanmu ya tsallake ya shiga daji. Matar ba ta kalli jarkokin ba, farar rigata ta kama tana cewa in duba shi, in yi masa wani abu. Ban san komai ba sai waya ja da rawaya da baƙa.

Aka shiga sauke jarkoki, wasu suna duka na. Kafin a gama share wuri, malamin ya cika.

Alhaji Gana ya ce bai taɓa ganina ba, kuma babu sunansa a takardun motar. Alƙali ya ɗaure ni. A kurkuku abin da ya fi dukan gandiroba da ƙwarƙwata ciwo shi ne tambayar da ba ta da amsa: da an tafi da shi a a-kori-kurar nan, zai kai asibiti da rai? Ina tsare mahaifina ya rasu, ban sami sallarsa ba. Wani tsohon fursuna ne ya ga ina zagaye ɗaki kamar mahaukaci, ya zaunar da ni ya mayar da ni kan salla da istigfari.

Da aka sake ni na nemi matar malamin don in roƙi gafara. Aka ce ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu, ba wanda ya san mini sunan garin. Yanzu ina da 'yar rumfa a unguwar Dala nan Maiduguri ina gyaran fanka da dutsen guga. Na tuba, ina fatan Allah ya karɓa.

Ku matasa masu kaifin kai, ban ce kada ku buɗe abu ku ga cikinsa ba, da haka ake koyon sana'a. Amma ranar da kuka yi wa maigidanku ƙaryar farko, ku koma ku faɗa masa kafin rana ta faɗi. In wani mai kuɗi ya yaba hannunku a keɓe, ku tambaye shi me za a yi da aikin. Ni ban taɓa riƙe wuƙa ko bindiga ba, ina ce wa kaina ai mai waya ne ni kawai. Ga shi akwai yaran da suka tashi ba uba saboda aikin hannuna, kuma ko sunayensu ban sani ba.