Sunan da Bilyamin ya sa a bango

Gawayin yana hannunsa, ya kai rabin bango, shayinsa na hucewa a ƙasa. Haka Bilyamin yake yi kowace safiya tun da yaƙi ya koro shi daga birnin Madani na Sudan, inda yake koyar da rubuta manhaja, ya dawo Wad Haddad, gidan uwarsa mai tsinkar auduga. An ƙwace kwamfutarsa a hanya, sai bangon zaure ya zama allo.

Ɗalibansa ba su da yawa. Mafi naci shi ne Mati, makanikin tarakta, mai 'ya'ya mata huɗu da hannu baƙi da mai.

Ran nan darasin magini ne, wato sashen manhaja da ke haɗa sabon abu. Bilyamin ya zana zubi, wato tsarin da ake fitar da abubuwa iri ɗaya daga cikinsa, ya kira shi Manomi, da gurbin suna da gurbin gona.

"Zubi fanko ne," in ji shi. "Magini shi ka cika gurabun lokacin da aka haifi abin. In ka bar gurbi ba komai, tarkacen wanda ya riga ka zama za ka tarar ciki."

"To cika shi mu gani, Ustaz," in ji Mati.

Bilyamin ba ya son sunan ƙarya a misali. Ya rubuta Mati da haruffan boko, ya bi shi da lambar gonarsa ta bakin magudana.

"Ka ba ni gona a bango, ka hana ni ruwa," in ji Mati. Aka yi dariya.

Dariyar ba ta sauka ba wata mota ta tsaya a ƙofa. Mutum uku suka shigo da bindigogi, ƙura har gira. Babbansu ya dubi alamomin manhajar da lambobin da ke bango, ya ce da Larabci wannan saƙo ne ga jiragen da ke jefa musu wuta. Bilyamin ya buɗe baki zai yi bayani, gindin bindiga ya rufe shi. Haƙori biyu suka faɗi kusa da kofin shayi. Suka taka masa yatsu har suka yi ƙara kamar karan dawa.

Ɗayansu ya iya boko. Ya ɗora bakin bindiga a kan sunan.

"Wane ne Mati?"

Ba wanda ya motsa. Mati yana zaune, ya fara ɗaga jiki.

Bilyamin ya tofar da jini. "Ni ne. Wa zai rubuta sunan wani a bangon gidansu?"

"Ustaz..."

"Zauna, makaniki. Ba da kai ake ba."

Ya dafa bango ya miƙe, kafaɗarsa ta goge lambar gonar, rigarsa ta kwashe baƙin. Daga cikin gida muryar uwarsa na kiran sunansa na gaskiya. Bai amsa ba. Ya tsallake kofin shayin, ya sunkuya a ƙofa, ya fita gabansu.