Makullin da Abokina Ya Yanka

Ina tsakiyar yanka wuyan riga ƙanwar abokina ta kira ni a waya. "Yaya Tela, abokinka ya cika." Na ajiye almakashi, na leƙa shagonsa da ke manne da nawa, kamar zan same shi sunkuye kan injinsa.

Mai Makulli muke ce masa. Mutum ne mai barkwanci, kullum sai ya tsokane ni wai ɗinkina kamar tafiyar maciji. Kawo masa makulli kowane iri, zai ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya, kafin ku gama gaisawa ya fitar maka da ɗan'uwansa.

Wata rana wani mutum tsaf-tsaf ya kawo makulli, ya ce na ɗakin mahaifiyarsa ne. Ya yanka masa. Ashe na tsohuwar matarsa ne. Da shi mutumin ya buɗe ƙofarta, ya yi mata dukan da ba ta tashi ba. Ta bar yara ƙanana.

Tun daga ranar abokina bai ƙara dariya ba. Bai bar salla ba, amma ya rame. Duk wanda ya kawo makulli, sai ya ce a kai shi ya ga ƙofar da mai ɗakin tukuna. Masu zuwa suka watse.

Na ce, "Ba laifinka ba ne. Allah ya ba kowa zaɓi, shi ya zaɓi mugunta."

"Ita fa, me ta zaɓa? Tela, ni da na san zuciyarsa, wallahi da ban yanka ba. Amma Allah da ya san zuciyar tun farko, ya yi masa hannu, ya bar ƙofar ta buɗe."

"Kai, yi istigfari!"

"Ina yi. Ba tsaurin ido nake ba, so nake in gane."

Na kai shi wurin masu ilimi. Ya saurara da ladabi, ya yi godiya, muka dawo da tambayarsa.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, na je asibiti duba shi.

"Tela, ka samo mini amsa?"

"Ban samo ba."

"Ka kyauta da ba ka yi mini ƙarya ba. Zan riga ka zuwa inda ake sani."

"Ba ka jin tsoro?"

"Ina ji mana. Amma in ba wurin Allah ba, ina zan je? Matso, riƙe mini hannu. Sanyi nake ji."