Saiwar Albasa a Kofin Shayi

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hidima a ɗakin gwaje-gwajen makarantar sakandare, yana wanke gilasai yana goge bencuna, har sunansa na yanka ya ɓace. Baba Mai Albasa kowa ke ce masa. Duk shekara, idan darasin rabuwar ƙwayoyin halitta ya matso, shi ke ɗora albasa a bakin kofuna, gindinta na ɗan leƙen ruwa, har ta saki saiwoyi farare sol kamar gemun dattijo. A can tsinin saiwar, wurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ƙwayoyin ke ta girma suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Wannan tsinin ake yankewa, a rina, a sa ƙarƙashin madubin ƙara girma yara su gani.

Bai yi karatu mai zurfi ba, amma hannunsa ya san aikin. In ruwa ya yi yawa albasa ta ruɓe, in aka bar shi ya kwana biyu ya yi wari, saiwa kuma duhu take so.

Darasin bana shi ne na ƙarshensa kafin ritaya, ranar Litinin da hantsi, kuma ya ƙudurta ba zai fita da kunya ba. Sai ga famfon makaranta ya ƙafe. Ya kwaso albasarsa shida ya kawo gida, ya jera su a kabad ɗin kicin. Matarsa tana gidan 'yarsu da ta haihu, ba ta dawo ba sai Lahadi, shi kuwa ɗokin labarin jika ya mantar da shi ya gaya mata.

Litinin da safe ya fito daga wanka, wani ƙamshi ya tare shi a ƙofa.

"Uwar yara, albasar ina kike soyawa?"

"Ta kabad mana. Kwana biyar na bar maka gida, har albasa ta yi gemu ba ka aske mata ba."

"Innalillahi! Kin soye darasin yara arba'in!"

"To su zo su karya," in ji ta, amma da ta ga fuskarsa sai ta ajiye cokali.

Ya dafe kai, can ya zabura. "Gemun! Ina gemun da kika aske?"

Yana kan faranti tare da ɓawo, bai ko bushe ba. Baba ya tsince saiwoyin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kofin shayinsa da ɗan ruwa. Babur kuwa hannu biyu yake ci, dole ta yafa mayafi ta hau baya, tana tallafe da kofin kamar jariri, tana mita a kowane rami.

A makaranta, malamar kimiyya ta yanke tsini, ta ɗiga rini, ta danne shi tsakanin gilasai biyu, ta sa ido a madubi. Ta daɗe tana daidaita madubin. Baba ya matso kusa da ita.

"Baba," ta ɗago tana murmushi, "suna nan, sai rabuwa suke. Yara, ku yi layi. Amma Mama ce farko."

Matar ta runtse ido ɗaya ta leƙa. Ƙananan ɗakuna ta gani a jere, jajaye-jajaye. A cikin wani, wasu zarurruka sun ja daga a tsakiya. A na gefensa sun rabu gida biyu, kowane rabi ya nufi bangonsa, wani siririn bango na tasowa tsakaninsu.

"Maigida, da ma abin da kake kiwo ke nan duk shekarun nan?"

"Shi ne. Haka jikarki ke girma yanzu haka a zanen goyo."

Ta sake leƙawa, ta ƙi ɗagowa. Yara arba'in na jira a bayanta, Baba na tsaye da kofin shayi a hannu yana dariya, rigarsa na ta ƙamshin soyayyar albasa.